Sandar dargaza da shekarun da na yi a zaune

An haife ni a wani ƙauye da ke kudancin Kano, kusa da dajin Falgore, a gidan da ba a ɗauki farauta a bakin komai ba. Mahaifina malamin allo ne kuma manomi, ra'ayinsa kuwa shi ne maharbi ba ya rabuwa da layu da surkulle, saboda haka bai so ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya kusanci sana'ar ba. Sai dai kakana na wajen uwa maharbi ne da aka sani a ƙauyukan yankin, kuma da yake tsakanin jika da kaka akwai wasa da sakewar da babu ita tsakanin ɗa da uba, a gindin rumbunsa na fi zama duk lokacin da aka tashe mu daga karatu. Bai taɓa zaunar da ni ya ce zai koya mini wani abu ba. Iyakarsa ya miƙo mini kan itace ya ce, "Aboki, riƙe mini nan, kada ka motsa."

Da itacen dargaza ya fi yin baka, wani lokaci da na ɗundu, idan kuma na yara ne sai ya tsaga gora. Ba ya sarar itace sai bayan an kawar da amfanin gona, ya zaɓi reshe miƙaƙƙe wanda kaurinsa bai wuce tsintsiyar hannu ba, kuma tun yana ɗanye yake gasa wurin da ya karkace a kan garwashi, ya danne shi da gwiwa har ya miƙe, sannan ya soke shi a cikin jinkar ɗakin girki inda hayaƙi ke ratsawa, ya bar shi can har wata shekarar. Tsirkiya kuwa, wato igiyar baka, da fatar gada yake yin ta, ya yanka ta siriri, ya jiƙa, ya murɗe, ya ɗaure tsakanin bishiyu biyu ta bushe. Kibansa ba su da gashin tsuntsu ko ɗaya, kyauro ne kawai da kan ƙarfe mai kunne wanda maƙerin ƙauyen ya ƙera. Abu guda da bai taɓa yarda na matso kusa da shi ba shi ne dafin tsiron kwankwani da ake shafa wa kibiya, domin ranar da zai dafa shi bayan gari yake fita shi kaɗai. Ya rasu ina makarantar sakandare, da na zo hutu na tambayi bakansa aka ce gara ta cinye shi a bayan ɗaki, ban kuma ji wani abu a raina ba, saboda a lokacin hankalina yana kan birni.

Makarantar koyon sana'a na yi, na fito da takardar kanikanci, kuma a ƙarshen shekarun 1980 na samu aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna, inda nake gyaran injinan saƙa. Wanda bai ga Kakuri a wancan zamani ba, zai yi wuya ya yarda da labarinta. Tun daga 1957 da masaƙa ta farko ta fara aiki, unguwar ta zama matattarar dubban ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar nan, kuma idan jiniya ta kaɗa lokacin canjin aiki, kekuna da babura kan rufe titi har mai mota ya haƙura ya tsaya. A nan na yi aure, aka haifa mini 'ya'ya, na sayi ɗan fili da niyyar gini. Ina da albashi a ƙarshen kowane wata, ina aika wa iyayena hatsi da kayan Sallah, kuma a garinmu idan ana lissafin waɗanda suka yi gaba, ana sa sunana.

Lalacewar ba rana ɗaya ta zo ba. Wutar lantarki ta yi ƙaranci, baƙin man da ake hura tukwanen tururi da shi ya yi tsada kuma ba ya samuwa, ga atamfofi masu araha da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya sun cika kasuwa. Aka fara rage sashe-sashe, aka koma biyan rabin albashi, daga nan aka ba mu hutun dole wanda har yau ba a kira mu daga gare shi ba. Mun yi ta zarya a kan haƙƙoƙinmu na sallama, wasu abokan aikina har suka mutu suna jira. Ni kuwa da na ga zaman ba zai kai mu ko'ina ba, na ranci kuɗi na sayi babur na shiga acaɓa, ina ɗan shekara arba'in da wani abu, ina rufe fuska da rawani don kada yaran da na koya wa aiki su gane ni. Hannu baka hannu ƙwarya muke yi, amma asirinmu a rufe yake.

Kafin a hana acaɓa a cikin garin Kaduna a 2014 ne wata mota ta buge ni da almuru, ƙashin cinyata ta dama ya karye wuri biyu. 'Yan'uwa suka ba da shawarar a kai ni wurin maɗori saboda kuɗin asibiti ya fi ƙarfinmu, aka yi ɗori, amma ƙashin bai kama daidai ba, ƙafar ta kumbura tana zafi dare da rana. A ƙarshe sai da aka sayar da filin nan da ragowar babur ɗin aka yi mini aiki a asibiti, aka sa ƙarfe. Na tashi da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, likita kuma ya gaya mini a fili cewa hawan babur da tsayuwa mai tsawo sun ƙare a gare ni.

Ciwon ƙafar ya yi sauƙi a hankali, amma wani ciwon da ban san sunansa ba a lokacin ya shigo a madadinsa. Aka shimfiɗa mini tabarma a zauren gidan da muke haya, nan nake wuni, nan nake kwana, wai don shan iska, alhali gaskiyar magana ita ce ba na son haɗa ido da iyalina. Uwargidana ta ɗauki nauyin gidan da keken ɗinkinta da awarar da take soyawa da yamma, ina jin ƙarar keken har tsakar dare, kowace juyawa tana ci mini rai. An cire yara daga makarantar kuɗi an mai da su ta gwamnati. Babban ɗana, wanda na yi burin ya zama injiniya, ya fara bin masu lodin siminti bayan an tashi makaranta. Idan aka kawo mini abinci sai in ga kamar haƙƙin wani nake ci, in tura kwanon gefe. Barci ya ƙaurace mini, na daina zuwa masallaci da hujjar ƙafa ko da yake bai fi taku kaɗan ba, na daina amsa waya, abokai suka yi ta zuwa har suka gaji suka ɗauke ƙafa. Mutanenmu suna da kirki wajen dubiya a makonnin farko, amma ciwo idan ya daɗe sai ya zama na mai shi da matarsa.

Abin da ya fi ba ni tsoro idan na tuna shi yanzu shi ne yadda tunanin mutuwa ya riƙa zuwa mini cikin natsuwa, ba tare da firgici ba, har na fara lissafin cewa rashina zai rage wa gidan baki ɗaya da kuɗin magani. Ina istigfari, ina sane da hukuncin addini, amma tunanin ba ya tafiya. Duk wanda na ɗan buɗe wa cikina sai ya ce in yi haƙuri in yawaita addu'a, maganarsa kuwa gaskiya ce, sai dai takan sa in ƙara jin cewa imanina ne ya yi rauni, in ƙara yin shiru.

A cikin wannan hali ƙanena ya zo daga ƙauye da buhun masara da wata doguwar sanda. Ya ce, "Yaya, ga wannan ka riƙa dogarawa, dargaza ce, ta daɗe a rataye a ɗakin Inna, ta fi ta asibitin nan ƙwari." Na karɓa na jingine ta ban ko duba ba. Sai wata safiya da na dogara da ita zan miƙe, na ji ta ɗan lanƙwasa a ƙarƙashin nauyina sannan ta mayar da ni sama, hannuna ya gane wannan motsi tun kafin kaina ya tuna inda na san shi. Na zauna na juya ta, na bi ta da ido daga kai zuwa gindi kamar yadda kakana yake yi, na ga miƙaƙƙiya ce, busasshiya, gurbin reshe ɗaya kawai gare ta. Na aika ƙaramar 'yata ta karɓo mini wuƙar yanka albasa. A ranar ban san azahar ta yi ba sai da na ji kiran salla, kuma rabon da lokaci ya wuce mini haka ba tare da na ji nauyinsa ba tun kafin haɗarin.

Wannan baka na farko bai yi rai ba. Na feƙe shi ta kowane ɓangare har ya yi kyan gani, na ɗaura masa igiyar shanya, ina ja ya tsage da ƙara, ɓari ɗaya ya dake ni a goshi. Itacen dogon yaro da na sa yara suka saro mini daga baya shi ma bai jure ba. Amma a lokacin abin ya riga ya kama ni, domin kanikancin da na yi zaton ya mutu a cikina ya farka yana tambayar dalilin karyewar.

Amsar ta zo mini ta hanyoyi biyu da ba su yi kama da juna ba. Ta farko wayar ɗana ce, wadda yake nuna mini bidiyon masu sassaƙar baka na ƙasashen Turai da Amurka, mutanen da ke da aikin yi da rufin asiri amma suke ɓata watanni a kan itace ɗaya don sha'awa kawai. A nan na ji labarin jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Mary Rose da ya nutse a 1545 aka tsamo shi a 1982, aka samu bakuna sama da 130 a cikinsa, tsawon kowanne ya kusa mita 2, har yau masu wannan sha'awa suna auna su suna kwaikwayo. Na yi mamakin yadda wasu suka adana na kakanninsu haka, mu kuwa namu gara muka bar wa. Hanya ta biyu wani dattijo ne mutumin ƙasar Zamfara da ke gadin shaguna a bakin layinmu, wanda kullum da magariba yake wucewa ta ƙofar zauren rataye da kwari da baka. Wata rana ya tsaya ya ɗauki abin da nake sassaƙawa, ya sa gwiwa ya gwada shi, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan ai muciya ka yi, a kai wa uwargida ta tuƙa tuwo." Na ce, "To Baba, a nuna mini." Daga ranar ya riƙa zuwa da wuri ya zauna kafin lokacin gadinsa, ni kuma in sa a dafa masa shayi.

Abin da na fahimta a tsakanin dattijon da wayar shi ne, baka yana da baya yana da ciki, kuma aikinsu ya sha bamban. Bayan baka, wato gefen da ke kallon abin harbi, miƙewa yake yi idan an ja, cikinsa kuma, gefen da ke kallon maharbi, matsewa yake yi. Saboda haka baya ba a taɓa shi da wuƙa, ɓawon kawai ake ɗayewa a hankali a bar zaren itacen ya tafi daga wannan kai zuwa wancan ba tare da yankewa ba, domin duk inda aka yanke zare ɗaya, daga nan tsagewa za ta fara. Duk ragin da za a yi daga ciki ake yin sa da kuma gefuna. Inda akwai gurbin reshe ba a daidaita shi da sauran jiki, sai a bar masa ƙarin nama ya zama ɗan tudu. Akwai kuma wata ƙa'ida da na koya tun a makaranta game da ƙarfe, na tarar tana aiki a kan itace: idan ka ninka faɗin abu, taurinsa ninki biyu yake ƙaruwa, amma idan ka ninka kaurinsa, ninki takwas yake ƙaruwa. Wannan ne ya sa kankara kaɗan daga cikin baka take sauya shi gaba ɗaya, kuma shi ya sa gizago aikinsa na farkon sassaƙa ne kawai, daga nan sai magagari, daga ƙarshe sai ɓarin kwalba wanda ke ɗebo itace siriri kamar gashi.

Mafi wahalar aikin, kuma mafi daɗinsa a wurina, shi ne daidaita lanƙwasa. Na kafa wani guntun katako a bangon zauren inda nake ɗora mariƙin bakan, na sa ƙaramar taya a ƙasa wadda igiya ke bi ta kanta, ta yadda ina zaune a kan tabarmata daga nesa zan ja in ga yadda hannuwan bakan biyu suke sauka. Na ja layuka da alli a bangon don ido ya samu abin aunawa. Idan wuri ya ƙi lanƙwasa sai in yi masa alama da fensir in kankare shi kaɗan, idan kuma wuri ya fi sauran lanƙwasa, ba a taɓa shi sam, sauran jikin ake ragewa har su zo daidai da shi. Bayan kowace kankara sai an ja igiyar sau da yawa a hankali kafin a sake dubawa, saboda itace ba ya nuna abin da aka yi masa nan take. Ba a kuma jan sabon baka fiye da ƙarfin da ake so ya tsaya a kai, don haka na rataya sikelin da masu awon hatsi ke amfani da shi a jikin igiyar. Bakan da ya fara yi mini rai ya tsaya a kilo 18 idan an ja shi santimita 70. Na shafe shi da man kaɗanya, na goge da tsumma har ya yi sheƙi, dattijon ya murɗa mini tsirkiya da fatar akuya da muka samo wurin majema, ya ɗana kibiyarsa ya harba a buhun da muka cusa wa tsummoki. Bai yabe ni ba, sai dai ya sake ɗana wata.

Ba zan ce gidan ya yi murna da wannan sabon al'amari ba. Uwargidana ta yi shiru na wani lokaci, rannan da dare ta tsaya a ƙofar zauren ta ce, "Malam, ni fa ban gane ba. Ina can ina fama da keke har idona ya fara mutuwa, kai kuma kana nan kana wasan yara da itace." Ban sami abin ce mata ba, domin ta fi ni gaskiya ta fuskar lissafi. Abin da ni kaina ban iya bayyanawa ba a lokacin shi ne, wannan itacen ne kaɗai abin da ke sa in yi ɗokin wayewar gari. Dattijon nan ne ya fara lura da cewa akwai kwanakin da ko wuƙar ba na iya ɗagawa, in zauna ina kallon bango. Ya ce mini ya taɓa ganin irin wannan ga wani ɗan'uwansa bayan ɓarayi sun kore masa shanu, kuma ba a warkar da shi da faɗa ba. Ya matsa mini in faɗa wa likitan ƙashi idan na koma ganinsa. Na faɗa, cikin jin kunya, likitan kuwa bai nuna mamaki ba, ya tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ni a kan magani na tsawon watanni tare da ganawa lokaci-lokaci. Ina faɗin wannan a sarari saboda kada wani ya karanta labarina ya ɗauka sassaƙa ce ta warkar da ni. Magani da addu'a da haƙurin matata ne suka yi wannan da ikon Allah. Abin da sassaƙar ta yi shi ne ta zaunar da mutum kusa da ni har ya ga abin da nake ɓoyewa.

Ita ce kuma ta dawo da sana'a hannuna ta hanyar da ban tsara ba. Da mutane suka riƙa ganina da magagari da guduma a zaure, wata maƙwabciya ta aiko da kekenta na ɗinki da ke tsinka zare, na gyara. Wanda ya yi shekaru yana kwance injin saƙa ba zai rasa gane keken ɗinki ba. Daga nan teloli suka fara kawo nasu, sai masu injin markaɗe, har zauren ya zama shago. Da wannan nake ciyar da gidana a yau, ba da baka ba.

Sai dai riƙe kwari da baka a garin da ya ga rikicin 2000 da na 2011 ba ƙaramin abu ba ne. Magana ta fara yawo a unguwa cewa gurgun nan yana tara makamai, har wani ya hana 'ya'yansa bi ta ƙofata. Ban jira a zo mini ba, na ɗauki baka ɗaya da kibau na tafi wurin mai unguwa, na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ake faɗa, ga kuma abin da nake yi." Na nuna masa cewa kibauna ba su da kunne ba su da dafi, kawunansu dasassu ne, buhu kawai suke hudawa. Limaminmu yana wurin, shi ne ya kawo hadisin da Buhari ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wasu mutanen ƙabilar Aslam suna gasar harbi, ya ce musu su yi harbi, 'ya'yan Isma'ila, domin babansu maharbi ne. Na yi fatan a ce mahaifina yana raye ya ji wannan zama. Mai unguwa ya sa mini sharaɗi cewa ba za a yi harbi a cikin layi ba sai a filin bayan makaranta, kuma sai da babba a wurin, na karɓa da hannu biyu.

Jarrabawar da ta fi wannan nauyi ta zo ne lokacin da satar mutane ta yi ƙamari a ƙauyukan da ke kewaye da Kaduna. Wasu samari suka zo mini da magariba, suka ce 'yan sintiri ne, suna son bakuna masu yawa da kibau masu kunne, kuma sun ji an ce na gaji sanin dafi daga kakana. Kuɗin da suka ambata ya isa ya biya mana hayar shekara, a lokacin kuwa mai gidan ya riga ya aiko sau biyu. Na ce su ba ni kwana biyu. Ban yi barci ba a daren, saboda na san akwai ƙauyukan da ba su da abin kare kansu sai irin wannan, kuma ban ga laifin wanda ya tsare gidansa ba. Amma waɗannan samari ban san su ba, ban san wanda zai riƙe bakan bayan su ba, kibiya mai dafi kuwa ba ta da gyara idan ta sami wanda ba shi ake nufi ba. Na shawarci uwargidana ina tsammanin za ta ce in karɓa, sai ta ce, "Malam, talaucin da muka sani ya fi mini kuɗin da za mu riƙa jin tsoron ƙwanƙwasa ƙofa saboda shi." Da suka dawo na ba su haƙuri, na ce ni ba maƙerin makami ba ne, dafi kuma ban san shi ba, wanda gaskiya ne. Tun daga ranar na yanke wa kaina cewa ba zan sayar da baka ba ko ɗaya, sai dai in ba wanda na sani kyauta.

Ina ganin akwai rashin adalci a yadda muke kallon wannan abu a yau, kamar kayan maigadi ne da ɗan tauri kawai. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, akasarin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a ƙasa suke da kwari da baka, suka fuskanci dawakin Sarkin Gobir Yunfa suka yi nasara. Har gobe akwai sarautar Sarkin Baka a masarautunmu, kuma 'yan baka suna fitowa a hawan Sallah. Amma da wuya ka sami saurayi a birni da zai iya bambanta dargaza da ɗundu, balle ya san cewa ba a sakin tsirkiya babu kibiya a kanta, ko cewa ana kwance baka idan an gama harbi don kada ya sankare a lanƙwashe. Dattijon da ya koya mini ya koma garinsu da tsufa ya kama shi, kuma a cikin 'ya'yansa, kamar yadda ya gaya mini, babu wanda ya karɓi ilimin.

Yanzu babbar matsalata itace ce. Ƙanena ba ya iya shiga daji kamar da saboda tsoron masu garkuwa, masu gawayi kuma sun share abin da ke kusa da gari, don haka sai abin da ya samu a iyakokin gonaki yake aiko mini a motar haya, shekara ta wuce ban sami fiye da 'yan sanduna ba. Idan sun iso nakan toshe kawunansu da narkakken kakin zuma in ajiye su a inuwa, domin iskar hunturu tana tsaga ɗanyen itace cikin kwanaki idan aka bar shi a sarari, da damina kuma bakan kansa yakan yi sanyi ya rage ƙarfi har sai rani ya dawo. Ƙafata tana tashi idan sanyi ya shigo, kuma akwai ranakun da tsohon nauyin nan yake leƙowa, sai dai yanzu na san sunansa, na san kuma ƙofar likitan da zan buga.

Ranar Asabar da la'asar yaran unguwa sukan biyo ni filin bayan makaranta, kowanne da izinin mahaifinsa, in ba su ƙananan bakunan gora su yi ta harbin buhu, wanda ya nuna sha'awa kuma in ba shi ɓarin kwalba da guntun itace ya fara kankara. A cikinsu duka babu wanda ya kai ƙaramar 'yata saiti, ga shi kuma ta fara zama budurwa, mahaifiyarta ta ce ya isa haka, mutane za su yi magana. Ni kuma na ce a bar ta ta ƙarasa bakan da ta fara sassaƙawa da hannunta tukuna, kuma har yanzu ba mu daidaita a kan wannan magana ba.